Kwana shidda bayan haɗari sai ga masassara: mi ke faruwa cikin jininsa?

Abban Nana: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu, kuma ku yi mini haƙuri, raina a ɓace yake. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne. Ran Asabar wata motar kaya ta banke shi a hanyar Dan Issa. Cinyarsa ta karye, haƙarƙari uku suka tsage, aka ce kuma saifarsa ta fashe, jini na zuba ta ciki. A daren aka yi masa aiki aka cire saifar, aka ƙara masa jini leda uku. Awon jinin ranar farko, wanda suke ce ma NFS, ya nuna fararen ƙwayoyin jini 21,000. Na nuna ma wani abokina takardar, ya ce mai lafiya ba ya wuce 10,000, wannan alamar ƙwayar cuta ce. Na koma na tambayi lokotoro, ya ce in kwantar da hankalina. Yaro ya fara samun sauƙi, ran Laraba har kunu ya sha muka yi hira. Yau Juma'a jiki ya yi zafi 39, ga tari, numfashi sama-sama. An auna masassarar cizon sauro, babu. To ashe ba tun ranar farko cutar take nan suka yi sakaci ba?

Maman Sani: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Abban Nana. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Na Tibiri: Amin. Amma maganar gaskiya sakaci ne. Takarda ta faɗa tun ranar farko, ba su ji ba. Ni da ni ne, da farmasi na nufa na sayo antibiyotik mafi tsada na ce su ɗura masa.

Mai Labo: Sannu Abban Nana, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni kallon jini a madubin awo shi ne abincina, bari in taɓa zancen 21,000 ɗin nan, sauran na bar ma masu kula da majinyata.

Abokinka bai yi ƙarya ba a kan adadin mai lafiya, 4,000 zuwa 10,000 ne ko 11,000 a cikin ɗan ɗigon da ake ƙirgawa. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa ƙwayar cuta kaɗai ke ɗaga shi. Fararen ƙwayoyin nan ba gida ɗaya ba ne. Mafi yawa su ne nitirofil, rabi zuwa kashi 70 cikin ɗari. Sai limfosit, kashi 20 zuwa 40. Sai monosit, ba su cika kai kashi 10 ba. Nitirofil da yawa ba sa yawo cikin jini, a jingine suke jikin bangon jijiyoyi, kamar ƴan kabu-kabun da suka faka a inuwa suna jiran fasinja. Allurarmu ba ta ɗebo waɗannan, saboda haka ba ma ƙirga su. Da mutum ya ji mummunan ciwo, sinadarin firgita, adirenalin, sai ya kaɗo su duka su faɗo cikin hanya, cikin mintoci. Bayan ƴan awoyi ɓargo ya buɗe rumbunsa. Ko lafiya lau kake ɓargonka na ƙera nitirofil kusan biliyan 100 kowace rana, yana kuma da ajiya. In aka matsa masa har waɗanda ba su gama nuna ba yake turowa, muna ganinsu cikinsu a lanƙwashe kamar lauje. Ƙari a kan haka, cire saifa shi kansa yana ɗaga adadin. Wanda mota ta banke, ya zubar da jini, aka cire masa saifa, in na ga 21,000 a takardarsa ranar farko ba na mamaki ko kaɗan.

Na Tibiri: Malam Mai Labo, ka yi bayani amma ka bar mini rami. Sojoji ba su fita bariki sai da abokin gaba. In babu ƙwayar cuta, da wa suka fito yi?

Ƴar Dan Dicko: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, likitanci nake karantawa nan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, in na yi kure a gyara mini. Yaya Na Tibiri, tambayarka ta daɗe tana damun masana kansu. An ɗauki shekaru ana cewa garkuwar jiki baƙo kaɗai take nema. A 1994 wata masaniya a Amurka, Polly Matzinger, ta ce abin da ke tada garkuwa shi ne alamar ɓarna, ko daga waje ta zo ko daga cikin gida.

Ga yadda abin yake. Cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu ƴan injina masu samar da ƙarfi, ana ce musu mitokondiriya. Asalinsu can baya ƙwayoyin bakteriya ne, har yau suna ɗauke da wasu kamanni na dangin nasu. Muddin suna rufe cikin ɗakinsu babu mai ganinsu. In ƙashi ya karye, tsoka ta dagargaje, sai su fashe su zube cikin jini. A 2010 Carl Hauser da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa jinin mutanen da suka ji mummunan rauni cike yake da ɓurɓushin mitokondiriyan nan, kuma nitirofil na yi musu irin tarbar da suke yi ma bakteriya. Shi ya sa wanda ya yi haɗari zai iya yin zafin jiki, bugun zuciya ya ƙaru, fararen ƙwayoyi su hau, a zuba jininsa a kwalbar shuka cuta ba abin da zai tsiro.

Kuma ba fitowa kaɗai suke ba, ɓarna suke. Makamin nitirofil guba ne mai narka bakteriya, in ya zuba a huhu ko ƙoda nama yake ci. Kamar gobara ce a kasuwa, wani lokaci rumfunan da masu kashe wuta suka tattake sun fi waɗanda wutar ta ci.

Baba Ɗan Gulbi: Ɗiyata kin yi karatu, Allah shi ƙara basira. Amma ni ina da ja. Mu da munka tashi, mutum shi faɗo daga bisa doki ko raƙumi, a kai shi wajen maɗori, a ɗaure da kara da tsumma, wata biyu shina tafiya. Ba mu san masassarar kwana shidda ba. Sai yanzu da ake yanka mutum a sa mishi roba nan da can. Mi ya kawo wannan in ba likitar ba?

Majo: Baba, ina gaisuwa. Maɗora sun ɗora ƙashi da yawa ya kama, ba mai musu. Amma wanda ake kai musu mai karaya ɗaya ne, fata ba ta fashe ba, jini bai zuba ba. Wannan jikinsa na tada ƴar ƙura a wurin karayar, ta lafa. Wanda saifarsa ta fashe a zamaninku, Baba, ba ya kai wa gidan maɗori, a hanya yake cikawa a ce kwana ya ƙare. Masassarar kwana shidda ciwon wanda ya tsallake ranar farko ne. Wani likitan fiɗa na Amurka, Donald Trunkey, tun 1983 ya kasa mutuwar masu rauni gida uku: masu mutuwa nan take, masu mutuwa cikin awoyi saboda zubar jini ko ciwon kai, da masu mutuwa bayan kwanaki ko makonni saboda ƙwayar cuta da gazawar gaɓoɓin ciki. Gida na ukun nan muke tsoro yanzu.

Abban Nana, ka bar kallon babban adadin. Duba layin limfosit, ka rubuto mana na ranar farko da na ƙarshe.

Abban Nana: Majo, na ranar Asabar 2,300. Na jiya Alhamis 600. Babban adadin kuma ya sauka 13,000 ran Talata, jiya ya koma 18,000.

Majo: To ka gani. Hawan ranar farko na bugun mota ne. Saukar da ya yi ya sake hawa, tare da masassara da tari, shi ne abin dubawa. Limfosit 600 kuwa ya yi ƙasa sosai, babba mai lafiya ba ya sauka ƙasa da 1,000.

Mai Labo: Haka ne. Ni in aka kawo mini jinin mai rauni, layin da nake fara nema ke nan. Kowa nasa na faɗuwa a kwana ɗaya zuwa biyu na farko. Wanda zai warke lafiya sai ka ga ya fara ɗagowa cikin kwanakin da ke biye. Wanda nasa ya kwanta ya ƙi tashi shi ke ba mu wahala.

Na Tibiri: Ku tsaya. Ɗazu kun ce sojoji sun yi yawa har suna ɓarna. Yanzu kun ce sun yi kaɗan. Wanne za mu kama?

Ƴar Dan Dicko: Duka biyun, Yaya. Nitirofil ƴan tauri ne, a kira su su fito da yawa, ba su tambayar wa ya yi. Limfosit su ne masu riƙe da kamannin abokin gaba, su ke tuna cutar da ka taɓa yi da rigakafin da aka yi maka, su ke tsara yaƙin. Bayan rauni jiki na zubo wani sinadari nasa, kortizol, da yawa, wasu limfosit su mutu, wasu su bar jini su shige cikin nama. Monosit kuma suna da wani faranti a bayansu, HLA-DR, da shi suke ɗauko guntun ƙwayar cuta su nuna ma limfosit, su ce ga ɓarawon. Bayan babban rauni farantin nan raguwa yake, an kuma lura cewa wanda nasa bai dawo ba cikin mako guda ya fi kamuwa da cuta. Su kansu nitirofil ɗin da suka cika takarda, da yawansu ɗanyu ne ko sun gaji, ba su iya bin sawun bakteriya su haɗiye ta kamar da. Gari cike da masu sanda, ƙofa kuma a buɗe.

Majo: Mu abin da aka koya mana a makaranta, matakai biyu ne. Kwanakin farko jiki ya tafasa, daga baya ya huce har ya wuce kima, a nan cuta ke shiga. Wani likita na Amurka, Roger Bone, ne ya shimfiɗa wannan a shekarun 1990.

Ƴar Dan Dicko: Majo, da girmamawa, an ɗan sake ma wannan fasali. A 2011 an fitar da wani babban bincike a Amurka kan mutum 167 da suka ji mummunan rauni, aka bi jininsu har kwana 28. Sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da ke aiki cikin fararen ƙwayoyin jini sun canja yadda suke aiki, kuma masu hura wuta da masu danne garkuwa tare suka motsa tun awoyin farko. Abin da ya raba wanda ya warke da wanda ya sha wahala shi ne ƙarfin guguwar da daɗewarta. A 2017 kuma a Birmingham ta Ingila an ɗebi jinin masu rauni tun kafin a kai su asibiti, cikin awa ɗaya da haɗari, aka tarar alamun duka biyun sun riga sun bayyana.

Majo: Na karɓa, ƙanwata, masu na'ura sun fi ni gani. Amma a bakin gado abin da idona ke gani bai canja ba. Kwana biyu na farko ina fama da jini da fitsari da numfashi, daga kwana huɗu zuwa goma ina fama da mugunya. Ko tare suka tashi, ba tare suke iso mini ba.

Kuma kar a ce na kare ma'aikata. Na Tibiri da Baba suna da rabin gaskiya. Garkuwa ta yi rauni, amma ƙwayar cutar ta wata ƙofa ta shigo, kuma ƙofofin mun san su: robar fitsari, allurar ƙarin ruwa da ta kwana huɗu a hannu ɗaya, bakin ɗinki, hannun da ya taɓa gado na ɗaya ya taɓa na biyu ba a wanke ba. Na yi aiki a wurin da famfon ɗakin majinyata kan yi kwanaki ba ruwa. Wannan laifinmu ne, ba na jini ba. A wajen yaron nan kuma ga haƙarƙari. Mai tsagaggen haƙarƙari tsoron tari yake, numfashi ma rabi-rabi yake ja, majina ta taru a ƙasan huhu, bakteriya ta samu fadama.

Sai ku kuma dangi. Na san dubiya lada ce. Amma mutum ashirin a kan gado ɗaya, wannan ya yi musafaha, wancan ya tofa addu'a, ga mai mura a ciki, ga wanda garkuwarsa ke kwance.

Maman Sani: Majo ka taɓo mu. To in ba mu je ba a ce ba mu da zumunci.

Majo: Hajiya, ku je ku gaida masu jinya a waje, ku aje abin da kuka kawo. Mutum biyu su shiga, su wanke hannu da sabulu. Addu'a daga bakin ƙofa ma tana isa.

Na Tibiri: Har yanzu ba a amsa mini ba. Mi zai hana a ba shi antibiyotik mai ƙarfi tun ranar farko a toshe ƙofar?

Majo: Ana ba da shi lokacin aiki, da kuma in ƙashi ya huda fata, na ɗan gajeren lokaci. Amma in ka ɗora mutum a kan mai ƙarfi mako guda ba cuta, ka kashe ƙwayoyin cuta masu sauƙin kai ka bar masu taurin. Ranar da cutar gaske ta zo, ba ta jin maganin da ka riga ka ƙone. Kuma antibiyotik ba ya tada limfosit ko ɗaya.

Baba Ɗan Gulbi: To tunda kun ce jiki na tafasa, ku ba shi abin da ke sanyaya shi mana. Ƙwayar nan deksa da masu tallan magani ke yawo da ita, na ga tana sauke kumburi.

Ƴar Dan Dicko: Baba, don Allah kar kowa ya kai masa ita. Deksa ƴar uwar kortizol ce, shi ne fa ke kwantar da limfosit ɗin. Likitoci ma sun daɗe suna tunani irin naka, suna ba masu raunin kai irin wannan magani don kumburi. Da aka gwada a kan mutum wajen 10,000 a ƙasashe da yawa, sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna waɗanda aka ba sun fi mutuwa, har aka tsayar da gwajin. Abin da ya nuna amfani shi ne tsayar da jini da wuri. Maganin taranekzamik, da aka gwada a kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40 aka fitar a 2010, yana rage mutuwa in an ba da shi cikin awa uku na farko. Kuma gwargwadon daɗewar mutum cikin zubar jini, gwargwadon girman guguwar da ke biyo baya.

Mai Labo: Bari in saka wata a gefe tunda ana zancen adadi. Mu mutanen yammacin Afirka da yawanmu nitirofil ɗinmu a ƙasa yake da na Turawa tun haihuwa, lafiya lau. Yana da alaƙa da wani rukunin jini, Duffy, wanda kusan dukanmu ba mu da shi. Ma'aunin da ke jikin takarda kuwa yawanci daga can aka kwafo. Kar mai lafiya ya ga nasa ya ɗan gaza ya ce garkuwarsa ta mutu.

Maman Sani: Ni dai abinci nake son tambaya. An ce mai miki kar ya ci ƙwai da gujiya da madara, suna sa mugunya. Haka muka yi ma maigidana lokacin da ya ƙone, kunu zalla.

Majo: Hajiya, mugunya gawar nitirofil ce da bakteriya da ruɓaɓɓen nama, ba daga ƙwai take fitowa ba. Jikin mai rauni cin kansa yake, tsokarsa yake narkawa don ya ƙera sababbin ƙwayoyin jini ya ɗinke miki. Shi ya sa za ki ga ƙato ya zama kara cikin mako biyu. Da zarar lokotoro ya ce hanji ya tashi, a ba shi ƙwai, nama, kifi, wake, nono. Ci ta baki ma yana kare bangon hanji, wanda shi ma katanga ne tsakanin bakteriya da jini.

Abban Nana: Na gode ƙwarai, zuciyata ta ɗan sauka. Wata tambayar: cinyar har yanzu ba a sa mata ƙarfen ciki ba, an dai ja ƙafar an ɗaure. Na ɗauka kuɗi suke jira.

Majo: Ban san lissafinsu ba, ka tambaye su kai tsaye, haƙƙinka ne. Amma akwai dalili na likitanci. Babban aiki shi ma rauni ne. Nitirofil da suka riga suka harzuƙa, in aka ƙara musu bugu na biyu, huhu ne ke biya. In majinyaci na da ƙarfi ana son a gyara cinya da wuri. In ya zubar da jini da yawa, ƙirji ya bugu, sai a tsayar da ƙashin ta waje a jira ya daidaita. Yanzu da masassara ta shigo, babu mai saka ƙarfe cikin ɓargo.

Kuma ka riƙe wannan don bayan sallama. Saifa ita ce matatar jini, ita ke kama wasu bakteriya masu kauri, irin masu kawo ciwon huhu da sanƙarau, ita ke tace jajayen ƙwayoyin da cutar sauro ta shiga. Wanda ba shi da ita sai ya yi rigakafin waɗannan cututtuka, ya kwana cikin gidan sauro rani da damina, kuma duk ranar da jikinsa ya yi zafi a ranar zai je likita, ba gobe ba. Har ƙarshen rayuwarsa. Mu da ke cikin yankin sanƙarau wannan ba abin wasa ba ne.

Na Tibiri: Na sauka daga kan maganar 21,000. Maganar wanke hannu kuwa ban sauka ba. Abban Nana, ka zauna bakin gadon nan ka sa ido.

Baba Ɗan Gulbi: Ni kuma in ya tashi ku kawo shi in gani ko ƙarfen ya fi kara. Allah shi ba shi lafiya.

Abban Nana: Amin Baba. Yanzu na fito daga wajensa. Hoton ƙirji ya nuna ciwon huhu a gefen hagu, gefen haƙarƙarin. Sun ɗebi jini da majina za su shuka, sun fara masa sabon antibiyotik, sun cire robar fitsari, an sa masa iskar numfashi. An ƙara maganin zogi don ya iya tari, na ta da shi zaune na riƙe masa filo a ƙirji ya yi. Na sallami ƴan dubiya, inna ta yi fushi. Sun ce jininsa ya sake sauka, ana neman leda ɗaya, rukunin O ne. Mai iko ya yi mini magana ta gefe.

Mai Labo: Ni O ne, amma ban cika wata uku da bayarwa ba. Zan taɓa yaran unguwarmu a Zariya yau da dare. In sun sake NFS ran Lahadi ka ɗauko mini hoton takardar duka, layin limfosit nake son gani.